Zaɓi ko tilas: wa ke da alhakin abin da mutum ya aikata?

Muhawara kan ƴancin zaɓi tana cikin tsofaffin tambayoyin falsafa, kuma ɗaliban ajin ƙarshe na lise suna cin karo da ita kafin jarrabawar BAC. Tambayar ita ce: idan mutum ya aikata wani abu, shin yana da ikon ƙin aikata shi, ko kuwa abubuwan da suka gabata ne suka tilasta aukuwarsa? Maganar ta wuce aji. In babu zaɓi, da wace hujja alƙali zai ɗaure ɓarawo?

Masu ra'ayin tilas suna cewa kowane abu yana da sanadi, sanadin ma yana da nasa sanadin, kuma tunanin ɗan Adam bai kuɓuta daga wannan sarƙa ba. A shekarar 1814 masanin lissafi ɗan Faransa, Laplace, ya ce da akwai wani hankali da ya san inda kowace ƙwayar halitta take da ƙarfin da ke motsa ta, da ya san gobe kamar yadda ya san jiya. Tun a ƙarni na 17 Spinoza, a Holand, ya kwatanta mutum da dutsen da aka jefa: da dutsen yana da hankali, da sai ya ɗauka ganin damarsa ne ya sa yake tafiya. A ɗaya gefen akwai irin su Sartre, wanda a 1943 ya nace cewa mutum ba shi da mafaka daga zaɓi, ƙin zaɓar ma zaɓi ne.

Malaman Musulunci sun daɗe da tafka wannan muhawara a babin ƙaddara. Jabariyya, waɗanda ake dangantawa da Jahmu ɗan Safwan da aka kashe a 746, sun ce bawa ba shi da wani iko a aikinsa. Ƙadariyya, sannan Mu'utazilawa, suka ce Allah mai adalci ne, ba zai hukunta bawa kan abin da aka tilasta masa ba, saboda haka mutum ne ke samar da ayyukansa. Imam Ash'ari, haifaffen Basra da ya rasu a Bagadaza wajen 936, ya bi tsakiya: Allah ne ke halittar aikin, bawa kuma yana ɗaukar nauyinsa ta wurin nufinsa, abin da ake kira kasabu. Almajiransa kan ba da misali mai sauƙi: kowa yana jin bambanci tsakanin hannun da ke rawa don ciwo da hannun da ya miƙa da gangan. Wannan fahimta ce ta yaɗu a makarantun ilimi na ƙasar Hausa, musamman ta littattafan tauhidi na Shehu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490.

A Turai ma an nemi sulhu. Hume, a 1748, ya ce ƴanci shi ne mutum ya yi abin da yake so ba tare da an ɗaure shi ko an tsare shi ba, ko da son nasa yana da sanadi. Masu suka na ganin wannan kauce wa tambayar ce, tunda ba a faɗi wa ya zaɓi son ba. Sukar tana da ƙarfi, amma ra'ayin Hume ya fi kusa da yadda mutane ke yanke hukunci a zahiri.

A 1983 Benjamin Libet, a Amurka, ya auna ƙwaƙwalwar mutanen da aka ce su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama. Ya gano alamar shiri tana bayyana kimanin rabin daƙiƙa kafin motsin, alhali mutum yana jin ya yi niyya ne kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafinsa. An yi ta yayata cewa kimiyya ta rushe zaɓi. An yi gaggawa: ɗaga yatsa a ɗakin gwaji daban yake da shawarar aure ko ta cin amana.

Doka ba ta jira masana su daidaita ba. Kundin hukunta laifuka na Faransa na 1810, a aya ta 64, ya tanadi cewa babu laifi a kan wanda ya aikata abu cikin hauka ko bisa tilas da ba zai iya turjewa ba. Fiƙihu ma yana ɗauke alhaki daga mahaukaci, yaro da mai barci.