Maƙeran Fari a Kan Hanyar Gwanja

Malaman fiƙihu na mazhabar Imamu Malik, waɗanda littattafansu ne ake karantawa a zaurukan Kano da Katsina da zangunan ƙasar Togo, sun keɓe masu sana'ar hannu da wani hukunci da ba su ɗora wa sauran masu riƙon amana ba, wato idan aka kai wa mai sana'a kaya domin ya yi musu aiki, ya shige da su inda mai kayan ba ya gani, sa'an nan ya dawo ya ce sun salwanta, to, lamuni yana wuyansa, sai fa in ya kawo shaidu. Hukuncin ya haɗa da marini da maɗinki da masaƙi, amma babu wanda ya fi shafa kamar maƙerin fari, domin shi abin da ake damƙa masa dukiya ce tsagwaronta, kuma da zarar azurfa ta narke, in an sirka ta da tagulla, idon mai ita ba ya iya rarrabewa.

Hausawa sun raba ƙira gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya da gatari da takobi, kuma su ne tarihi ya fi tunawa da su, tun da labarin kafuwar Kano kansa yana komawa ga wani maƙeri daga cikin Abagayawa da ya zo neman tama a gindin Dala. Maƙeran fari kuwa aikinsu azurfa da tagulla da farin ƙarfe, sai zinariya in ta samu, kuma maƙerarsu ba ta da yawan hayaniya: ƙaramin zugazugi, da gawayi, da 'yar tukunyar yumɓu ta narki, da awartaki, da magagari, da ma'auni. Abin da za a buge, kamar munduwa da zobe, a buge shi a kan uwar maƙera. Abin da ke da siffa mai wuya kuwa, sai a fara ƙera shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, sa'an nan a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa yumɓun. Saboda haka kowane zubi ɗaya ne tak, ba shi da tagwai.

To, daga ina azurfar take fitowa, alhali ƙasar Hausa ba ta shahara da ma'adininta ba? Daga kuɗi. A ƙarni na 19 babbar mahaƙar maƙerin fari ita ce liyari, wato dalar Mariya Tarasa ta ƙasar Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta tun bayan rasuwar sarauniyar, nauyinta giram 28 da 'yan kai, kashi biyar cikin shida azurfa ce. Larabawan Tarabulus da Gadamas suna shigo da ita ta Sahara, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Mutum ya tara wurinsa, wanda ɗaukarsa sai da jaki, ya mayar da shi liyari, ya kai wa maƙeri a kasuwar Kurmi, ya fito da abin da matarsa za ta ɗaura a hannu.

Zinariya kuma a wancan zamani tana kudu maso yamma, a hannun Asante, kuma hanyar da ke kai wa gare ta ita ce hanyar goro. Ayarin Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari yakan tashi da rani a ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Borgu zuwa Djougou, daga nan wasu su bi ta ƙasar Kotokoli, wasu su ɗauki ta arewa ta Sansanné-Mango da Yendi, duk a haɗu a Salaga ta ƙasar Gwanja. Inda ayari ya saba sauka, nan zango yake tsira, kuma zango ba ya cika sai da limami da mahauci da wanzami da maƙeri. Unguwar Didaure, wadda ita ce cibiyar Musulmin Sokodé a ƙasar Togo, ta girma ne da irin waɗannan baƙi 'yan kasuwa da malamai, a gefen sarautar Tem, wato Kotokoli, ta Paratao mai mayaƙan doki. Kuma duk inda aka sami sarakuna da dawaki da matan attajirai, mai ƙera linzami da likkafa da gidan laya da 'yan kunne ba zai kwana da yunwa ba. Baƙin ƙarfe kam ƙasar Togo tana da nata, domin mutanen Bassar da Bandjéli sun daɗe da gwanancewa a narka tama. Abin da baƙo ya zo da shi shi ne farin aiki da kuma ma'aunin miskali. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa waccan kasuwa, jama'arta suka watsu cikin zanguna, har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Krachi ya zama limaminta, ya kuma rubuta wa jami'in Jamus Adam Mischlich bayani mai faɗi da ajami a kan sana'o'in ƙasar Hausa.

Shari'a ce ta yanke wa wannan sana'a iyakarta. An haramta wa namiji ado da zinariya, an halatta masa zoben azurfa da adon takobi da na mus'hafi, an kuma hana kowa ci da sha a ƙwaryar zinariya ko ta azurfa. Sai ya zamana mafi yawan abin da maƙerin fari ke ƙerawa na mata ne. A mazhabar Malikiyya babu zakka a kan kayan adon da mace ke sawa, alhali kuɗin da suka kai nisabi, dinari 20 ko dirhami 200, ana fitar musu idan shekara ta kewayo; kuma kayan adon mulkinta ne. Ta haka mundaye da warwaro suka zama baitulmalin mace, wanda take buɗewa ranar yunwa ko ciwo ko auren 'ya. Haka kuma ba a musayar azurfa da azurfa sai nauyi da nauyi, hannu da hannu, don gudun riba, kuma wannan ya sa zukata suka saba da duban abin ado ta fuskar nauyinsa, ladan maƙeri kuwa ya zama ɗan abin da ake biya a gefe. A ganina nan ne asalin abin da ya shafe tarihin waɗannan gwanaye: munduwar kaka ba ta kai wa jika yadda take, sai an narkar an sake zubi bisa yayin zamani, kuma da ita aikin maƙerin farko yake narkewa.

Ingila ta bi wata hanya dabam wajen maganin matsalar amanar maƙeri da muka fara da ita. Tun 1300 doka ta wajabta a gwada azurfa a buga mata hatimin kan damisa, a 1363 aka ƙara da cewa kowane maƙeri ya buga nasa hatimin, daga 1478 kuma aka riƙa kai kaya zauren ƙungiyar maƙeran zinariya a Landan domin gwaji. Abin da aka kafa don kama mai algus, shi ne daga baya ya zama tsanin shahara. Andrew Grima, wanda aka haifa a Roma a 1921 ya tashi a Landan, injiniya ne da ya yi yaƙi a Bama, fagen da sojojinmu na Afirka ta Yamma ma suka sha wuya; bai taɓa zama gaban wani maƙeri ya koyi sana'ar ba, ya shiga kamfanin surukinsa ne bayan yaƙi a matsayin mai lissafi, amma zanensa, na zinariya mai kaushi da duwatsun da ba a goge ba, ya kai shi ga buɗe kanti a titin Jermyn a 1966, ya kuma zama mai yi wa Sarauniya Elizabeth kayan ado. Ya rasu a 2007, kuma har yau in an yi gwanjon kayansa sunan ake saye, nauyin zinariyar ƙaramin abu ne a cikin farashin. Ba na ganin wannan tsari ya fi namu adalci ta kowace fuska, domin shi Grima zane yake yi, waɗanda ke zama gaban wuta wasu ne, kuma ba su ake ambata ba.

Zamanin Turawa ya fara yalwata wa maƙeran fari, daga baya ya ƙuntata musu. Jamus ta kafa tasharta a Sokodé a ƙarshen ƙarni na 19, sai ga kuɗin azurfa iri iri, makin Jamus da sulen Ingila da faran biyar na Faransa, duk suna shiga tukunyar narki. Amma da azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na farko, a 1920 hukumar kuɗin Afirka ta Yamma ta Ingila ta koma buga sule da gaurayen tagulla, takarda kuma ta yawaita, mahaƙar ta ƙafe. Hanya ma ta juya: a da tana gudana daga gabas zuwa yamma, yanzu ta miƙe daga Lome zuwa arewa, ta bi ta Adjengré, garin da ya bunƙasa da manoman Kabye da suka sauko daga duwatsun Kara, ta wuce Sokodé da Mango har Dapaong da kan iyaka a Cinkassé. Kasuwannin wannan hanya daga bakin teku suke samun haja, kuma abin da jirgin ruwa ya kawo, ƙirar inji, ya fi araha.

Har yanzu matan Sokodé suna fitowa da adonsu a bikin Gadao-Adossa cikin watan Maulidi, kuma har yanzu ana wankin zinariya a rafukan wajen Agbandi. Sai dai tun da farashin zinariya ya ƙwace daga dalar Amurka 35 kowane oza bayan 1971, ya kai 850 a Janairun 1980, aka kuma karya darajar sefa da rabi a 1994, sarƙar lefe ta gaske ta koma ta masu hali, su ma daga Dubai ko Makka suke sayowa da lambar karat a jikinta, sauran jama'a kuma suna ɗaukar mai ruwan zinariya daga tiren ɗan koli. Maƙerin da ya rage a zango yawancin aikinsa yanzu gyara ne: ya liƙa sarƙar da ta tsinke, ya buɗa zoben da ya matse, ya zuba wa malamai zoben azurfa, ya kuma goga zinariyar da mace ta kawo sayarwa a kan baƙin dutse, ya ɗiga mata ruwan gwaji, ya auna da giram, ya faɗi kuɗinta.