Tsohuwar mota da ta daɗe a ajiye: matsalar feshin mai

Ya kai mai karatu, idan ka gaji tsohuwar mota, ko ka sayi wadda ta yi shekaru a ajiye, kada ka yi gaggawar murɗa makulli. Minti guda na gaggawa yana iya lalata kayan da samunsu ke da wuya a yau. Za mu ɗauki misalin Mercedes 230E, wadda aka ƙera a Jamus tsakanin 1980 da 1985.

Wannan mota ba ta da kabureta. Tana aiki da tsarin feshin mai na kamfanin Bosch, mai suna K-Jetronic, wanda ya fito a 1973. Babu kwamfuta a cikinsa. Akwai famfon lantarki a ƙarƙashin motar, kusa da tanki. Shi ke tura man fetur da ƙarfin da ya kai kimanin bar 5, alhali iskar taya ba ta wuce bar 2 da kaɗan ba. Man yana bi ta matata, ya isa akwatin rabo da ke bisa inji. Daga nan siraran bututu huɗu suke kai shi ga bakunan feshi, waɗanda makanikai ke kira anjekter.

Idan mota ta daɗe ba ta aiki, man da ke cikinta yana lalacewa. Sashensa mai sauƙi ya bi iska, saura ya yi duhu, ya koma kamar ƙaro. Raɓa kuma tana taruwa cikin tankin da ba a cika ba, ta kawo tsatsa. Wannan dauɗa ita ce tushen yawancin matsalolin. Da zarar famfo ya tashi, sai ya kwashe ta ya tura cikin akwatin rabo, inda ƙofofin mai suke da ƙanƙanta ƙwarai.

Saboda haka gyara yana farawa daga baya, ya nufi gaba. Ka cire wayar batir. Ka zuke tsohon mai duka, ka sa a wanke tanki da ƴar rariyar da ke ƙasansa. Ka sake matata. Ka bi tiyo ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya bushe ko ya tsage, a musanya shi da irin wanda aka yi domin feshi. Tiyon kabureta ba ya jure wannan ƙarfi, kuma idan ya fashe kusa da inji mai zafi, gobara ce. Ka yi aikin a fili, nesa da murhu da taba, da bokitin yashi kusa da kai, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur.

Bayan ka zuba sabon mai, ka murɗa makulli, wani ya kasa kunne wajen tayar baya. In ba a ji gunjin famfo ba, a duba fiyus da rele, da wayoyin da ɓeraye suka iya ci. Sau da yawa famfon lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isa gare shi ba.

In famfo yana aiki amma inji ya ƙi tashi, ka ɗage matatar iska. Za ka ga wani faifan ƙarfe. Iskar da inji ke shaƙa tana danna shi ƙasa, shi kuma ya ɗaga wani siririn ƙarfe cikin akwatin rabo, wanda ke buɗe wa mai hanya. Da makulli a kashe, ka danna faifan a hankali. In ya cije, ko ya tafi sakaka ba tare da wata turjiya ba bayan famfo ya yi aiki, to siririn ƙarfen ya manne. A nan aikinka ya ƙare. Buɗe akwatin rabo sai makanikin da ya san tsarin, mai ma'aunin ƙarfin mai.

Akwai wata ƴar kusa tsakanin faifan da akwatin, wadda ke daidaita mai da iska. Wasu masu gyara ita suke fara juyawa, kuma a ganina wannan kuskure ne babba. Motar da lafiyarta aka ajiye ta, kusar kuwa ba ta juya kanta ba.

Idan inji ya tashi yana rawa, mai yiwuwa wani bakin feshi ya toshe; mai lafiya yana fesa mai kamar hazo, ba ya ɗiga. Idan kuwa yana tashi da sanyi amma ya ƙi bayan ya yi zafi, sai a duba gwangwanin da ke riƙe ƙarfin mai, kusa da famfo.