Tsarin Ajayil: Mene Ne Shi, Kuma Me Ya Sa Yake Gagarar Ma'aikatu Da Yawa?

Duk matashin da ke duba tallan neman aiki na bankuna da kamfanonin fasaha a Legas ko Fatakwal, ba wuya ya ci karo da wata kalma da ake rubutawa da Turanci Agile, ana furta ta Ajayil. Sai ka ga an ce ana neman wanda ya iya aiki da ita, ko wanda ke da takardar shaida a kanta. Da yawa suna ɗauka wata manhaja ce ta kwamfuta. A gaskiya hanya ce ta tafiyar da aiki. Bayaninta ba ya ɗaukar minti goma, amma manyan ma'aikatu sun kashe miliyoyi a kanta ba su ga riba ba.

Ma'anarsa

Ajayil na nufin a yanka babban aiki gunduwa-gunduwa, a gama ƙaramin yanki cikin sati biyu ko uku, a nuna wa mai aikin, a ji abin da zai ce, a gyara, sannan a ɗauki na gaba. Kamar telan da zai kira ka ka gwada riga tun kafin ya sa aiki a wuya. In hannu ya yi tsawo, gyaransa a lokacin ba komai ba ne. In sai ranar biki ka fara sa ta, to magana ta ƙare.

Tsohuwar hanyar da ya zo ya maye ana ce mata tsarin gangarar ruwa, don aiki na gangarowa mataki-mataki ba komawa baya: a rubuta duk abin da ake so, a zana, a gina, a gwada, a miƙa. Ana danganta bayaninta ga Winston Royce, a wata takarda da ya rubuta a 1970, duk da shi kansa ya yi gargaɗi cewa bin ta a haka kai tsaye akwai haɗari. Matsalarta ita ce sai a ƙarshe ake gane an yi kuskure, bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Asalinsa

A watan Fabrairu na 2001, masu rubuta manhaja su 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da gajeriyar sanarwa mai manufofi 4 da ƙa'idoji 12. Cikinsu akwai Kent Beck, Martin Fowler, Ken Schwaber da Jeff Sutherland. A taƙaice sun fifita mutane da maganarsu da juna a kan dokokin ofis, sun fifita kayan da ke aiki a kan tarin takardu, sun fifita zama da mai aiki a kan jayayyar kwangila, sun kuma fifita karɓar canji a kan nacewa ga shirin farko.

Tunanin ya girmi wannan taro. A 1986 wasu malamai biyu 'yan Japan, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, sun yi nazarin yadda kamfanoni irin su Honda da Canon ke ƙirƙiro sabbin kaya, suka kwatanta shi da 'yan wasan rugbi masu tafiya da ƙwallo a dunƙule. Daga nan sunan Sikiram ya samo asali, wanda Schwaber da Sutherland suka gabatar a 1995, kuma shi ne nau'in Ajayil da ya fi yaɗuwa. Akwai kuma Kanban, wanda tushensa masana'antar Toyota ce, inda ake manna kowane aiki a allo kowa ya ga inda ya tsaya.

Yadda Sikiram ke tafiya

Tawaga ba ta cika wuce mutum 10 ba. Ana aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata ɗaya ba, yawanci sati biyu. Akwai mutum ɗaya da ke wakiltar mai aikin, shi ke riƙe da jerin abubuwan da ake so, shi ke cewa wannan ya fi wancan gaggawa. Akwai jagoran tafiya, wanda ba oga ba ne, aikinsa kawar da abin da ke tare wa tawaga hanya. Sai masu yin aikin, waɗanda su ne ke yanke yawan abin da za su iya ɗauka a zangon. Kullum akwai ɗan taro na minti 15, galibi a tsaye. Ƙarshen zango a nuna abin da aka gama, sannan tawaga ta yi zaman waiwaye: me ya tafi daidai, me ya lalace, me za mu canza.

Ka ga duk wannan ba wani abu mai wuyar haddacewa. Wahalar tana wurin ma'aikatar da za ta karɓe shi.

Matsala ta farko: oga ba ya son sakin linzami

Wannan ita ce uwar sauran. Tsarin ya ce tawaga ce za ta yanke yadda za ta yi aikinta. A ma'aikatar da aka saba ko biro sai manaja ya sa hannu, wannan magana na nufin wani zai rasa iko. Manajojin tsakiya su suka fi jin zafin, don aikinsu na raba aiki da karɓar rahoto shi ne ake cewa ba a buƙata kamar da. Abin da ke faruwa shi ne a canza suna kawai. Manajan jiya ya zama jagoran tafiya, taron minti 15 ya koma wurin tsare ma'aikata da tambayar me ka yi jiya, har ya kai awa ɗaya. An yi wa tsohon tsari sabuwar riga.

Ta biyu: tsoron faɗar labari mara daɗi

Amfanin gajeren zango shi ne kuskure ya fito da wuri. To amma in wanda ya ce aiki ya tsaya shi ake yi wa faɗa, kowa zai koyi cewa komai lafiya. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne shirin Universal Credit na Birtaniya, wanda aka ƙirƙiro don haɗe tallafin gwamnati iri 6 ya zama ɗaya. Ma'aikatar ayyuka da fansho ta ce da Ajayil za ta gina shi. A watan Satumba na 2013 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya fitar da rahoto cewa ma'aikatar ba ta taɓa gwada tsarin a aiki mai wannan girma ba, kuma an samu al'adar kai wa manya labari mai daɗi kawai tare da ƙin sauraron na waje. A lokacin an riga an yi asarar fam miliyan 34 na kayan kwamfutar da ba za su yi amfani ba, kuma dole aka dakatar da shirin aka sake masa fasali.

Ta uku: kwangila da kasafi

Mai ba da kwangila yana son a gaya masa abu uku tun ranar farko: me zan samu, yaushe, kuma nawa. Ajayil kuwa cewa yake za a gano ainihin abin da ake buƙata ana cikin tafiya. Nan ake karo. Sashen kuɗi na yin kasafi na shekara guda, lauyoyi na son komai a rubuce, tawaga kuma na son canza shiri kowane sati biyu. A aikin gwamnati abin ya fi tsanani. Ko a nan Najeriya, ƙarƙashin dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, sai an fayyace abin da ake so an yi gasar farashi kafin a ba da aiki. Dokar na da dalilinta na toshe sata, amma ba ta sauƙaƙa wa aikin da ake son ya riƙa sauyawa. Wasu kamfanoni na warware wannan ta hanyar biya zango-zango, da sharaɗin mai aiki na iya tsayawa duk lokacin da ya ga dama.

Ta huɗu: mai aikin ba shi da lokaci

Tsarin ya dogara ga mutumin da zai zo kowane zango ya duba ya ce e ko a'a. Sau da yawa sai a naɗa ƙaramin ma'aikaci wanda ba shi da ikon yanke komai, ko babban da kullum yana miting. Tawaga ta yi ta aiki a kan zato. Wata shida su wuce, babban ya leƙo ya ce ba haka yake nufi ba. An koma gidan jiya.

Ta biyar: kwaikwayo ido rufe

A 2012 Henrik Kniberg da Anders Ivarsson suka rubuta yadda kamfanin Spotify na Suwidin ya tsara ma'aikatansa a ƙananan tawagogi da manyan rukunoni. Su da kansu sun bayyana cewa hoton yadda suke a lokacin ne kawai, suna kan hanya. Duk da haka kamfanoni a duniya suka kwashi sunayen suka liƙa wa sassansu. Bankin ING na ƙasar Holan na cikin waɗanda suka yi abin da gaske a 2015: ma'aikatan hedikwata kusan 3,500 aka sake wa tsari, aka kasa su tawagogi kusan 350 na mutum tara-tara, kuma sai da suka sake neman gurbin aiki a sabon tsarin. Wannan shi ne farashin. Wanda ke son sakamakon ING ba tare da taɓa muƙamin kowa ba, sunaye kawai zai samu.

Ta shida: kasuwar takardar shaida

Akwai shaidar jagoran Sikiram da ake samu bayan kwas na kwana biyu. Ba laifi ba ne, amma kwana biyu ba sa koya wa mutum yadda zai fuskanci darakta. Su kansu waɗanda suka sa hannu a Snowbird sun koka. Dave Thomas ya rubuta a 2014 cewa 'yan kasuwa sun lalata kalmar har ta rasa ma'ana, Martin Fowler kuma ya soki masu ƙaƙaba wa tawagogi tsarin daga sama, a wani jawabi a 2018.

Ta bakwai: gudu ba inganci

In kowane sati biyu sai an nuna sabon abu, akwai jarabar a yi aikin gaggawa a bar gwaji da gyara. Masu sana'ar na kiran wannan bashin fasaha, don ana biyansa daga baya da ƙari. Haka nan in manaja ya mai da yawan abin da tawaga ta gama a zango ya zama ma'aunin albashi, sai kowa ya koyi kumbura lissafi, ma'aikata kuma su gaji don zango na bin zango ba hutu.

Inda ya yi aiki

Hukumar FBI ta Amurka ta watsar da manhajar adana bayanan shari'a a 2005 bayan kashe kusan dala miliyan 170. Ta fara wata mai suna Sentinel a 2006 da ɗan kwangila, ita ma ta yi ta jan ƙafa. A 2010 hukumar ta dawo da ragamar aikin cikin gida, ta rage mutane zuwa ƙaramar tawaga, ta koma zangon sati biyu. A watan Yuli na 2012 aka fara amfani da ita. Abin lura shi ne shugabanni sun yarda sun canza wanda ke da iko da aikin da yadda ake duba shi, ba taron safe kaɗai suka ƙara ba.

Inda bai dace ba

Ba kowane aiki ke son wannan hanya ba. Ba a zuba ginshiƙin gada a ce in bai yi ba a canza sati mai zuwa. Inda an san abin da ake so sarai, kuma gyara na da tsada ko haɗarin rai, shiri na tun farko ya fi. Ajayil ya fi ƙarfi inda ba a gama sanin abin da mai saye ke so ba, kuma canji ba shi da tsada sosai, kamar manhajar waya ko shirin talla.

Ga mai neman aiki ko mai ƙaramin kamfani

In aka ce maka ma'aikata na bin Ajayil, tambayoyi huɗu sun isa ka gane gaskiya. Wa ke yanke yawan aikin zango, tawaga ko oga? Yaushe rabon da mai amfani da kayan ya ga abin da ake ginawa? Me aka canza sakamakon zaman waiwaye na ƙarshe? Me ya faru da mutum na ƙarshe da ya ce ba za a gama a kan lokaci ba? Mai kamfani kuma ya fara da tawaga ɗaya da aiki ɗaya, ya ba wakilin mai aikin ikon cewa a'a, ya bar su zango huɗu ko biyar kafin ya yanke hukunci. In a cikin wannan lokaci ya kasa haƙurin barin su su yanke shawara da kansu, gara ya tsaya a tsohuwar hanya ya adana kuɗin kwas.