Asalin Kalmar "They" a Turanci

Duk yaron da ya shiga aji ɗaya ya san "they", wadda ita ce "su" a Hausa. Abin da ba a cika gaya masa ba shi ne baƙuwa ce a Ingila. A jirgin ruwa ta zo, a bakin mayaƙa.

Magabata sun ce a shekarar 793 waɗansu mutanen arewa da ake kira Viking suka sauka a tsibirin Lindisfarne cikin dogayen jiragensu, suka washe gidan ibadar Kirista da ke can, suka juya. Sun ɗanɗana sun ji gardi. A 865 suka dawo da babbar runduna, shekara na zagayowa suka ci birnin York. Suka yi ta cin ƙasa har suka haɗu da gamonsu, Alfred sarkin Wessex, wanda ya karya shugabansu Guthrum a Edington cikin 878. Aka yi sulhu, aka bar musu arewa da gabas. Suka rataye takubba suka kama noma, suka yi auratayya da 'yan gari. Har gobe garuruwa irin su Grimsby da Whitby sunan da suka raɗa musu suke amsawa.

To, a lokacin Turanci yana da wata matsala. Namiji "he" ne, mace "heo", jama'a "hie". Da zamani ya tura, harshe ya goge su har suka kusa zama ɗaya. A ce an zo, ba ka sani ba ko mutum guda za ka shimfiɗa wa tabarma ko goma. Su kuwa baƙin suna da "þeir", da wani tsohon harafi mai karatun "th", ba ta rikicewa da komai. Sai ka ƙiyasta yaro a tsakar gida, uwa 'yar ƙasa, uba ɗaya daga cikin baƙin nan, ya ɗauki wadda ta fi fita sarai a kunne. Da ita "their" da "them" suka biyo.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mu mun ari littafi da alƙalami daga Larabci, amma ba mu taɓa aron "su" ba. Sai cuɗanya ta kai har ɗaka ake irin wannan aro.

Waɗansu masana sun ce a'a, 'yar gida ce, daga tsohuwar kalmar nan "þa" ta fito, mai nufin "waɗancan". Wataƙila ta share mata hanya. Amma ni na fi gaskata maganar farko, don daga inda baƙin suka zauna ta taso. Wani malamin coci mai suna Orm ya rubuta ta a ƙarni na 12 a wannan yanki, alhali kudu tana riƙe da tsohuwar. Marubuci Chaucer na Landan, wanda ya rasu a 1400, ya karɓi "they" amma ya tsaya kan "hem" maimakon "them". Ita "hem" ɗin, abin takaici, yanzu guntunta kawai ya rage, wato "'em" da ake ji a hira.

A yau ana kuma amfani da "they" ga mutum ɗaya idan ba a fayyace namiji ne ko mace ba. Ana ta gardama a kai kamar sabon abu, alhali an same shi a rubuce tun ƙarni na 14.