Ma'aunin Damuwa: Daga Ƙasar Sin Zuwa Gombe

A shekarar 1983 ne Sheldon Cohen da abokan aikinsa biyu a Amurka suka fitar da tambayoyi 14 na auna matsin rayuwa, daga baya aka rage su zuwa 10. Ana tambayar mutum sau nawa ya ji al'amura sun fi ƙarfinsa a watan da ya wuce, ya zaɓi amsa ɗaya cikin biyar, sannan a haɗa maki.

Sinawa ba su karɓi ma'aunin ido rufe ba, kuma suna da hujja. Tun a 1980 likitan ƙwaƙwalwa Arthur Kleinman ya duba majinyata 100 a lardin Hunan waɗanda aka ce raunin jijiya ke damunsu, ya tarar 87 daga ciki ciwon damuwa mai tsanani suke fama da shi. Ciwon kai da kasala da rashin barci ne suka kai su asibiti, don ta jiki suka saba kai kuka. Da aka mayar da tambayoyin Cohen zuwa Sinanci, sai aka bi su da gwaji: a 2010 kan masu ciwon zuciya da ke shan taba a Hong Kong, a 2011 kuma kan 'yan sanda mata. Aiki ne na haƙuri. Wani ya fassara, wani da bai ga asalin ba ya mayar da fassarar Turanci, a daidaita saɓani. Sai a ba mutane su amsa, a sake ba su bayan ɗan lokaci a ga ko makin ya tsaya, a kuma gwama shi da na wasu ma'aunai da aka riga aka amince da su.

A Najeriya, Ibadan ta yi fice a wannan aiki. A 1990 Oye Gureje da Obikoya suka gwada tambayoyi 12 na David Goldberg a kan masu zuwa ƙaramin asibiti. Babban binciken lafiyar ƙwaƙwalwa na 2001 zuwa 2003 ya ratsa jihohi 21, kuma Hausa na cikin harsunan da aka yi hira da su. A 2020 masana a Kano suka wallafa gwajin ma'aunin lafiya na SF-12 da Hausa kan masu ciwon baya na birni da ƙauye.

Gombe, wadda ta zama babban birnin jiha ranar 1 ga Oktoba 1996, ta ga abin da ya isa ta nemi nata. Bam ya tashi a tashar Dukku a Disamban 2014, wani kuma a babbar kasuwa a Yulin 2015, ana jajibirin ƙaramar Sallah. Garin ya sauki 'yan gudun hijira daga Borno da Yobe. Yawancin irin waɗannan bayin Allah karanta musu takardar tambayoyin ake yi. Ka tambayi dattijuwa ko ta kasa shawo kan lamuranta, surukarta na zaune a gefe, amsarta ba za ta wuce "Alhamdulillahi" ba. Sai hira ta yi nisa za ta ce ƙirjinta na bugawa, barci ya ƙaurace mata tun da suka baro gida. Ga kuma Fulani da Tera da Tangale da Waja, waɗanda da yawansu Hausa harshe na biyu ne gare su. A ganina, ma'aunin da ya ci jarrabawa a Kano sai ya sake cin ta a nan.

A Janairun 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Tunda an sami dokar, ina roƙon malaman Jami'ar Jihar Gombe da likitocin Asibitin Koyarwa na Tarayya su haɗa hannu su gwada irin waɗannan ma'aunai da Hausa da Fulatanci a kan mutanen Gombe, a unguwanni da ƙananan asibitoci.