BABI NA UKU: TARIHIN GIRKA GUNGUN KWAMFUTOCI A GAJIMARE DA ABIN DA YA AUKU A ZAƁEN 2023

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda kalmomin fasahar sadarwa suka shiga bakin jama'ar Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin wani aiki da ba a ganinsa da ido, wato girka gungun kwamfutoci a gajimare ta hanyar rubutaccen umarni, ba tare da mutum ya taɓa kowace na'ura da hannunsa ba. Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa manomin masara na Riruwai da wannan batu? Amsar ita ce, ranar Asabar 25 ga watan Fabrairu na 2023, hoton takardar sakamakon rumfar zaɓensa ga irin wannan gungu aka aika da shi.

3.1 Ma'anar Gungu da Gajimare

Abin da ake nufi da gungu a nan shi ne kwamfutoci masu yawa da aka haɗa su da waya domin su yi aiki guda. Misali mafi kusa shi ne gayya. Gonar da za ta ɗauki mutum ɗaya mako biyu, idan aka kira gayya aka raba kunyoyi, kafin la'asar an gama. Gajimare kuwa suna ne kawai da aka laƙaba wa manyan ɗakunan kwamfutoci na wasu kamfanoni, waɗanda ake hayarsu ta intanet. A ƙasa suke, suna shan wutar lantarki, akwai masu gadi a bakin ƙofa.

3.2 Daga Aikin Hannu Zuwa Rubutaccen Umarni

A shekarar 1994 Thomas Sterling da Donald Becker, waɗanda ke yi wa hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka aiki, wato NASA, suka haɗa kwamfutoci 16 irin na kasuwa, suka ɗora musu manhajar Linux, suka kira abin da suna Beowulf. Wannan ya nuna wa jami'o'i cewa ba dole sai an sayi babbar na'ura mai tsadar gaske ba kafin a yi babban lissafi. Sai dai kuma ya zo da tasa wahalar. Kowace kwamfuta sai an zauna a gabanta an ɗora mata manhaja, an ba ta suna, an gabatar da ita ga 'yan'uwanta. Goma sha shida mai yiwuwa ne. Idan suka kai ɗari biyar fa? Ma'aikaci zai manta wani abu a ta arba'in, ya yi kuskure a ta casa'in, a wayi gari babu biyu da suka yi kama da juna.

Tun a 1993 wani masani mai suna Mark Burgess a Jami'ar Oslo ya fara neman maganin wannan da manhajar CFEngine. Dabararsa ita ce a rubuta yadda ake son kowace na'ura ta kasance, sannan manhajar ta riƙa zagayawa tana daidaita duk wadda ta kauce. Wannan tunani shi ne tushen duk abin da ya biyo baya.

Babban sauyi ya zo a watan Agusta na 2006, lokacin da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfuta ta intanet da sunan EC2, a kan santi 10 na dala kowace sa'a. Daga nan kwamfuta ta zama abin da ake kira da layin rubutu guda, a sallame ta da wani layin. A 2007 jaridar New York Times ta yi hayar guda 100, ta mayar da tsofaffin labaranta kimanin miliyan 11 zuwa takardun da ake iya karantawa a intanet cikin ƙasa da sa'o'i 24, sannan ta sallame su. Gayya ke nan wadda ba a dafa mata tuwo.

Bayan haka sai kayan aiki suka yi ta fitowa. A 2009 Amazon ya kawo tsarin da ke ƙara yawan na'urori da kansa idan jama'a suka yi cincirindo, ya rage idan suka watse. CloudFormation ta fito a 2011, Ansible a 2012, sai Terraform da Kubernetes a 2014. Da waɗannan mutum ɗaya zai rubuta fasalin gungu baki ɗaya a takarda guda, ya ba da umarni, cikin mintoci ɗaruruwan na'urori su tashi iri ɗaya sak.

A nan ne mai wannan nazari yake ganin ya kamata a tsaya a lura. Kuskuren ma'aikacin da ke aiki da hannu a na'ura ɗaya yake tsayawa. Kuskuren da ke cikin rubutaccen umarni kuwa kowace na'ura za ta kwafe shi da biyayya. Ranar 28 ga Fabrairu na 2017 wani ma'aikacin Amazon ya shigar da umarni da kuskure, sai aka cire na'urori fiye da waɗanda aka yi niyya, ma'ajiyar S3 ta yankin arewacin Bajiniya ta tsaya na kimanin sa'o'i huɗu, shafuka masu ɗimbin yawa suka tsaya tare da ita.

3.3 Zuwan Abin Nijeriya

Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 domin kula da kwamfutocinta. Wayoyin ƙarƙashin teku na Main One da Glo-1 sun fara aiki a 2010, abin da ya sauƙaƙa isa ga gajimaren ƙasashen waje. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a birnin Kano.

Amma inda abin ya taɓa talaka kai tsaye shi ne zaɓe. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta fara amfani da shafin duba sakamako mai suna IReV a watan Agusta na 2020, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya. Tsarin shi ne, bayan an ƙirga ƙuri'u a gaban jama'a, jami'in rumfa ya cike takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS, ya aika. Inda babu sabis, kamar yadda akan samu a wasu ƙauyukan da ke tsakanin duwatsun Riruwai da dajin Falgore, na'urar takan riƙe hoton har sai an fito inda ake samu. Rumfunan zaɓe a ƙasar nan 176,846 ne, kuma kusan duk da yammacin rana ɗaya suke aikawa. Irin wannan aiki, na cunkoson yini guda sannan shiru na watanni, shi aka ƙirƙiri hayar gajimare dominsa.

3.4 Ranar 25 ga Fabrairu

A wannan rana an yi zaɓen shugaban ƙasa da na majalisar dattawa da na majalisar wakilai. Da aka fara aikawa, sai hotunan sakamakon majalisun biyu suka riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi. Jami'i ɗaya, na'ura ɗaya, sabis ɗaya, amma takarda biyu ta wuce, ɗaya ta dawo. Wanda ke tsaye a rumfa a Doguwa ko Tudun Wada ba shi da hanyar sanin dalili, saboda haka ba abin mamaki ba ne da zargi ya riga bayani isa kunnen jama'a.

A rahoton da INEC ta fitar a watan Fabrairu na 2024 ta ce matsalar daga yadda aka saita manhajar take. An tsara ta ne ta riƙa buɗe wa kowane sakamako mazauni a ƙarƙashin jiharsa. Sanata yana da jiha, ɗan majalisar wakilai yana da jiha, haka gwamnonin Anambra da Ekiti da Osun da aka gwada tsarin a zaɓensu a 2021 da 2022. Shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, sai manhajar ta rasa inda za ta ajiye takardarsa. Hukumar ta ce bayan gyare-gyare, sakamakon shugaban ƙasa na farko ya shiga da ƙarfe 8:55 na dare.

A kotun sauraren ƙararrakin zaɓe jam'iyyar Labour ta gabatar da wata ma'aikaciyar sashen gajimare na Amazon, wadda ta shaida cewa na'urorin kamfanin ba su sami wata tangarɗa ba a ranar. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ƙaryata hukumar. A ganin mai wannan nazari, ta fuskar fasaha maganganun biyu suna iya zama gaskiya a lokaci guda, domin lafiyar na'urar haya daban, ingancin umarnin da mai haya ya rubuta mata daban. 'Yan gayya sun fito da ƙarfinsu, rabon kunyoyin ne ya bar wani yanki ba mai shi. Wannan bai wanke kowa ba, tunda zaɓen shugaban ƙasa shi ne wanda ya fi cancanta a gwada tun kafin ranar, kuma har yau akwai masu ganin da gangan aka yi.

Ranar 26 ga Oktoba na 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa IReV shafin dubawa ne, ba wurin tattara sakamako ba, don haka rashin shigar hotuna a kan lokaci bai isa ya soke zaɓen ba. Abin da doka ta dogara da shi a lokacin shi ne takardar EC8A da aka sa wa hannu a rumfa, aka ɗauke ta zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa.