Rabilu Musa Ɗan Ibro: Wasannin da Suka Fito da Shi da Waɗanda Suka Jawo Masa

Gabatarwa

Duk wanda ya yi zama a garuruwan yammacin Kano, irin su Durun da Garo da Kabo har zuwa Gwarzo, a tsakanin 1998 da 2010, ya san yadda daren kaka yake kasancewa a wancan lokaci. Da zarar an idar da sallar isha'i sai a ji an tayar da janareta a gidan kallo, yara da samari su biya kuɗin shiga su zazzauna a kan benci ko a ƙasa, a zura kaset a bidiyo. Idan fim ɗin soyayya ne, dattijo ba ya ko waiwayen wurin. Amma idan aka ce na Ibro ne, sai ka ga har mai furfura ya raɓo bakin ƙofa, wai ya zo kiran ɗansa ne, ba kuwa zai tafi ba sai an tashi.

Wannan maƙala ba za ta jero finafinan marigayi Rabilu Musa ba, domin suna da ɗimbin yawa. Abin da za ta yi shi ne ta ɗauki 'yan kaɗan waɗanda suka fi zama a zukatan jama'a, ta duba abin da ya sa suka zauna, da kuma dalilin da ya sa wasan da ya ɗaukaka shi, shi ne dai ya haɗa shi da malamai a 2002, ya kuma kai shi gidan yari a 2008.

Asalinsa

An haifi Rabilu Musa a shekarar 1971 a garin Ɗanlasan, wanda yake cikin ƙaramar hukumar Warawa a yau, gabas da birnin Kano. A nan ya yi firamare, sannan ya wuce Kwalejin Horon Malamai ta Wudil. Ke nan malamin makaranta aka shirya ya zama, sai dai bai riƙi alli ba. A 1991 ya shiga aikin gandiroba, ya yi kimanin shekara takwas a ciki. Tun yana wannan aiki yake taɓa wasan kwaikwayo, kuma fim ɗin da ake kawowa a matsayin na farkon da ya fito da shi shi ne 'Yar Mai Ganye, a rabin ƙarshe na shekarun 1990.

Ya shigo a kan gaɓa. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda daga kansa ake ƙirga kasuwar finafinan bidiyo ta Kano. Kafin shekara goma ta cika, kasuwar ta rabu gida biyu: ga finafinan soyayya masu waƙa da rawa irin na Indiya, waɗanda Sangaya ya zame musu madubi, ga kuma na barkwanci da ake kira camama, waɗanda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, galibi a ƙauye ko a bayan gari, ba tare da cikakken rubutun labari ba. A camama, ɗan wasa shi yake ƙago mafi yawan maganarsa a gaban kyamara. Wanda ba shi da kaifin baki ba ya kai labari. A wannan fage ne Ibro ya zama sarki, tare da abokan wasansa irin su Kulu da Yautai da Tsigai da Dumɓaru.

Gadon da ya tarar

Kuskure ne a ɗauka cewa bidiyo ne ya kawo wa Bahaushe ban dariya. A fada akwai wawan sarki, wanda yake faɗin abin da hakimi ba ya iya faɗa, a yi dariya a wuce. A kasuwa da wajen biki akwai 'yan kama, waɗanda suke kwaikwayon malami yana karatu ana ja masa baƙi, alhali zancen tuwo da miya suke yi, akwai kuma 'yan gambara. A cikin azumi akwai tashe, inda yara suke kwaikwayon tsoho da malami da mai ciki, Nalako kuma ya bi gwagwaren Kano. Bayan girbi akwai kalankuwa, inda samari suke naɗa sarki da alƙali da ɗan sanda na wasa. Sannan ga wasan da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi, ko Fulani da Barebari. Talabijin ma ta riga bidiyo, domin Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero sun daɗe suna ba mutane dariya kafin a san Ibro.

Abin lura a nan, wanda za mu sake komowa kansa, shi ne kowane ɗaya daga cikin wasannin gargajiyan nan yana da lokacinsa da wurinsa da kuma wanda ya tsaya masa. Wawa yana da sarki a bayansa. Tashe yana da kwanakinsa, in sun wuce sai baɗi. Bakano ya san da Bazazzage yake wasa, shi ma Bazazzagen ya sani. Kaset ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Daga shagunan Ƙofar Wambai da Bata yake tashi, ya shiga Durun, ya shiga Maraɗi da Damagaram, ya isa zangon Kumasi, ya faɗa hannun wanda ya san wasa ne da wanda bai ɗauke shi wasa ba.

Baƙauye cikin rigar aro

A ganina, rawa ɗaya Ibro ya taka duk tsawon rayuwarsa, riguna kawai yake sauyawa. Mutumin shi ne baƙauye mai jar hula, mai cika baki, mai kwaɗayi, matsoraci in ta yi zafi, amma mai wayon da ɗan birni ba ya tsammani. Sunayen finafinan ma sun nuna haka: a sa Ibro a gaba, a liƙa masa abin da ya ara a baya. Daɗin wasan yana wajen da rigar ta ƙi zama daidai a jikinsa. Ko me ya sanya, jar hular nan da zaro idon nan da karkace bakin nan suna nan suna tona masa asiri.

Ibro Awilo misali ne mai kyau. A ƙarshen shekarun 1990 kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin ƙasar Kwango, ya mamaye Nijeriya, har a tashoshin mota da shagunan aski na Kano ana jin sa, iyaye kuwa suna ƙyamar rawar da take tafe da shi. Ibro ya ɗauki shigar da rawar ya ɗora wa baƙauyensa. Wanda ya kalla da idon basira zai ga ba Awilo ake yi wa dariya ba, ɗanmu ake yi wa, wanda ya ga abu a talabijin jiya, yau ya tashi ya ce shi ne. Amma fa dole a faɗi gaskiya, yara da yawa rawar suka ɗauka suka bar darasin, kuma malaman firamare na lokacin ba su manta da yadda aka riƙa yin ta a filin makaranta ba.

Haka abin yake a Ibro Ɗan Indiya. Tun zamanin silimomin Kano irin su Plaza da Marhaba Hausawa suke kallon finafinan Indiya, har aka sami samarin da suke rera waƙoƙin ba tare da sanin ma'anar kalma ɗaya ba. Ibro ya fito yana yaren da ya ce Indiyanci ne, yana lanƙwasa wuya yana marairaicewa. Da wannan ya tsokani masu kallo, ya kuma tsokani abokan sana'arsa na ɓangaren soyayya, waɗanda a lokacin ake zarginsu da wanke labaran Indiya su mayar Hausa. Af, yana da kyau a sani cewa da yawa daga cikin waƙoƙin da ake ji a finafinansa ba shi ya rera ba. Sadi Sidi Sharifai ne yake yin su da muryar da ta yi kama da tasa, har mutane da dama ba sa iya rarrabewa.

Akwai tambayar da ta cancanci a yi: me ya sa mutanen ƙauye, waɗanda su ake kwaikwaya, su ne suka fi kowa son sa? Amsar ita ce shi ɗan gida ne. Hausarsa ta Ɗanlasan ce, ba ta rediyo ba, kuma manomin Durun yana jin ta kamar ta maƙwabcinsa. Bugu da ƙari, baƙauyen Ibro ba kullum yake shan kashi ba. Sau da yawa shi yake juya ɗan boko da ɗan sanda da mai kuɗi, ko da kuwa a ƙarshe zai ci na jaki.

Ibro Usama

A cikin dukkan wasanninsa, wannan ne ya fi buƙatar a tuna da yanayin da aka yi shi. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, da yaƙin da ya biyo baya a Afganistan, zukata sun yi zafi a Kano. A watan Oktoba na shekarar aka yi zanga-zangar da ta rikiɗe ta zama tarzoma, aka yi asarar rayuka. Hotunan Usama bin Ladan sun cika bayan motoci da babura da kalandu, an kuma raɗa wa jarirai da yawa sunansa. A wannan hali ne, a 2002, aka fitar da Ibro Usama, inda ɗan wasan ya ɗaura rawani ya liƙa gemu ya fito a matsayin mutumin, sauran abokan camama kuma suka fito a matsayin shugabannin duniya.

Yaƙin da duniya take kallo a tauraron ɗan'adam sai ga shi an mayar da shi bayan gari, da bindigogin wasa da Turancin da bai nuna ba. Wasu malamai da ƙungiyoyin addini suka yi masa ca, suna ganin bai dace wawa ya sa wannan riga ba, kuma wasa da rawani da gemu wasa ne da kamannin malanta. Masu fim ɗin su kuma suna ganin ba su yi abin da 'yan kama ba su yi ba. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, sai dai ɗan kama a gaban malamin yake nasa, malamin ya yi murmushi ya ba shi sadaka, an kashe magana ke nan. Ibro kuwa ba shi da wanda zai yi masa wannan murmushi a madadin kowa. Surutun bai hana fim ɗin kasuwa ba, bai kuma hana a yi Ibro Saddam a 2003 ba, shekarar da Amurka ta mamaye Iraƙi. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Bajamushen nan Matthias Krings sun yi nazarin waɗannan finafinai, domin sun nuna yadda talakan Kano ya fassara labaran duniya da harshensa.

Ibro Aloko da gidan yari

An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a a 2000. A shekarun farko ana zaman doya da manja ne kawai tsakaninta da 'yan fim. Abin ya sauya a 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na waya da ya shafi wata 'yar wasa ya bazu a gari. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Malam Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka gindaya sababbin sharuɗɗa, kotun tafi-da-gidanka kuma ta shiga aiki. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008.

A tsakanin waɗannan biyu, a watan Oktoba 2008, aka gurfanar da Ibro tare da Lawal Ƙaura a kan fim ɗin Ibro Aloko da kuma tuhumar gudanar da kamfani ba rajista, aka yanke musu wata biyu. Abin da takarda ta ce ke nan. A bakin jama'a kuwa wani zance ne daban yake yawo: a cikin fim ɗin akwai waƙar Mamar, wadda take tsokanar masu sa wani yadi mai ratsi-ratsi, mutanen gari kuma suka riƙa jingina ta ga gwamna saboda irin tufafin da yake sawa. Ko da nufi aka yi, ko kuwa jama'a ce ta ba waƙar ma'anar da take so, sakamakon ɗaya ne. Mutumin da ya yi shekara takwas yana kulle fursuna, ga shi an kulle shi.

Ba za a ce damuwar hukumar ba ta da tushe ba. Iyaye da malaman makaranta sun daɗe suna kuka da raye-rayen finafinai, kuma camama ba ta rasa kalaman da ba a so yaro ya maimaita a gaban baƙo. Amma ɗaurin bai rage masa farin jini ba, sai ma ƙara masa da ya yi, kuma a wannan tsakani 'yan fim da dama suka kwashe aikinsu suka koma Kaduna da Jos, tare da ɗan abin da sana'ar take samar wa matasan Kano.

Shekarun ƙarshe

Bayan 2011, da aka sami sauyin gwamnati, ƙura ta lafa. Ibro ya ci gaba da fitowa a finafinai irin su Ƙarangiya da Andamali da Mai Dalilin Aure, waɗanda aka fi kashe wa kuɗi fiye da camamar farko, yana wasa kafaɗa da kafaɗa da jaruman ɓangaren da a da ake ganin sun fi ƙarfin camama. Sai dai lafiya ta fara gaza masa. Ya yi fama da ciwon ƙoda, ya rasu a Kano ranar 10 ga Disamba 2014 yana da kimanin shekara 43, aka yi jana'izarsa a Ɗanlasan. Allah ya jiƙansa.

Rasuwarsa ta zo daidai da mutuwar kasuwar da ta raine shi. Faifan CD ya riga ya kori kaset, shi ma kuma tura fim a waya ya kore shi, a shekarar 2014 ɗin ce kuma tashar Arewa24 ta fara aiki, hankali ya soma komawa ga shirye-shirye masu dogon zango. Kaset ba ya jure zafi da ƙura, kamfanonin camama kuwa ƙanana ne, da yawansu sun watse. Abin da ya fi yawa a hannun mutane yanzu gutsattsari ne na minti biyar ko goma a YouTube da wayoyin hannu, an yanke farkonsu da ƙarshensu, babu sunan darakta, babu shekara, wani lokaci ma an sauya wa fim ɗin suna. Malamin da yake son ya nuna wa ɗalibansa Ibro Usama don su ga yadda Kano ta kasance a 2002, sai ya fara da cigiyar cikakken kwafi a wajen tsofaffin masu gidan kallo da masu ba da hayar kaset.